Ƙarfe nawa ɗanka ya kwanta jiya?

'Yan uwana magidanta da iyaye mata na Maradi, musamman mu da ba mu daɗe da ajiye iyali ba, wannan tambayar ku nake yi wa. Da yawanmu mun san kuɗin tiyar hatsi na yau da na jiya, mun san wanda ya ci ƙwallo a Turai, amma a tambaye mu lokacin da yaronmu ya rufe ido sai mu hau kame-kame.

Da kaina zan fara. Akwai lokacin da babban ɗana, yana shekara 7, yake bina fada bayan isha'i. Ana dafa shayi, in an zo zubi na uku, mai sukari da yawan nan, sai in miƙa masa ɗan kofi, abokai suna "kai, ɗan baba ya girma". Ba ma tashi sai sha ɗaya ta wuce. Da asuba uwarsa ta yi ta fama da shi, a lakwal kuma mushensu ya aiko cewa yaron malalaci ne, kullum kansa bisa tebur. Har bulala na yi masa a kan haka, Allah Ya yafe mini. Laifin kuwa yana hannun da ya miƙa kofin. Sinadarin kafeyin da ke cikin shayi da goro da Nescafé yakan yi awa biyar rabinsa bai bar jikin babba ba, to ina ga ɗan ƙaramin yaro?

Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da ma'auni a 2016: ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar awa 10 zuwa 13, har da barcin rana, ɗan shekara 6 zuwa 12, awa 9 zuwa 12, matashi ɗan 13 zuwa 18, awa 8 zuwa 10. Mu buga lissafi da yaron gidanmu. Ya kwanta sha ɗaya da rabi, an tashe shi biyar da rabi don salla da ɗiban ruwa. Awa 6 ke nan. Kowane dare ana bin sa bashin awa 3, a kwana biyar na lakwal awa 15, kusan dare biyu cur bai runtsa ba. A cikin barci mai nauyi ne jiki ke sakin mafi yawan sinadarin da ke sa yaro girma, a nan kuma ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka koya da rana, na allo da na boko duka. Wani abin mamaki, yaron da barci bai ishe shi ba ba lalle ya yi laushi ba. Sau da yawa fitina yake ƙarawa, da kuka, da neman faɗa, mu kuma mu ce ƙiriniya ce.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, mu bakwai ne a ɗaki guda, kwano ne a sama, a watan Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, ba fanka, in ma akwai wutar ba ta zama." Gaskiya ne, ni ma a irin gidan na tashi. Talauci shi ke zaɓa wa yaro tabarmar da zai kwanta, amma lokacin kwanciyar mu ne muke zaɓa. Da bazara a yayyafa ruwa a tsakar gida tun magariba, a watsa wa yara ruwa, a shimfiɗa musu a waje. Da damina a ɗaura sange tun kafin barci ya ɗebe su, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Don Allah sangen da aka raba mana kyauta ba na rufe barkono ko tsare 'yan tsaki ba ne; yaron da sauro ya kwana yana ci bai yi barci ba, ga zazzaɓi na jiran sa. In ɗaki ɗaya ne, manya su rage murya, a kashe tele, a karɓe salula daga hannun yaro awa guda kafin kwanciya, don hasken allon da shagalin kallon suna kore barci. Ko dala ba a kashe ba a duk wannan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tallar dare. Ka bi bakin tasha ko gefen babbar kasuwa wajen ƙarfe goma, za ka tarar da yarinya 'yar shekara tara zaune, faranti a gabanta, sauran ƙullin gyaɗa huɗu, kanta na ta rangaji, tana tsoron komawa gida da kwantai. Uwa, ban ce ba ki da hujja ba, da cinikin nan ake cefanen gobe. Amma ki sa mata ƙa'ida: ana kiran isha'i ta kamo hanya, ya ƙare ko bai ƙare ba. Ribar ƙulli huɗu ba ta kai kuɗin magani ba, balle abin da dare ke ɓoyewa ga 'ya mace. Kai ma maigida, kar ka naɗe hannu ka ce sha'anin mata ne. Haka yaran gidan kallo: da sanyi manyan wasannin Turai ƙarfe tara suke farawa, sai kusan sha ɗaya a tashi, gobe kuma lakwal ƙarfe takwas.

Ba ma sai likita ya faɗa mana ba. A cikin Suratun Naba'i Allah Ya ce Ya sanya barcinmu hutu, Ya sanya dare sutura. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Barza cewa Manzon Allah (SAW) yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta. Kakanninmu ma tatsuniya biyu ce, "ƙurunƙus", kowa ya nemi makwanci.

A gidana yanzu tsarin ɗaya ne kullum, har ranar da ba lakwal: tuwo, isha'i, fitsari, addu'ar barci, ƙarfe tara kowa na cikin sange. Satin farko an sha kuka da "baba ƙishirwa nake ji". A na biyu ƙaramar da kanta take jawo tabarma. Fada kuwa ina zuwa, amma sai na tofa musu addu'a, kuma ni kaɗai nake fita.