Kuɗin naƙuda kafin kuɗin rago

Magidantan Kano, akwai maganar da ba mu cika yin ta a majalisa ba, kuma ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da zarar mai ɗakin mutum ta samu juna biyu, lissafin da yake fara zuwa masa shi ne na ranar suna: rago, atamfar fitar suna, goro da alewa, buhun shinkafar da za a dafa. Daren naƙuda kuwa, daren da rayuka biyu suke tsakanin mutuwa da rayuwa, sai a bar shi da "Allah zai kawo". Mun jera abin nan a baibai, kuma matanmu ne suke ɗanɗana kuɗarsa.

Ciwo yakan faɗo wa mutum ba shiri, haka gobara. Amma ciki wata tara yake yi yana sanar da zuwansa. Don haka idan aka wayi gari mace tana naƙuda babu ko kuɗin mota a gidan, ba kullum talauci ne kaɗai ya jawo ba. Sau da yawa kuɗin sun shigo, wani wuri suka bi.

Hidimar tun daga awo take farawa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. Kowane zuwa da kuɗin adaidaita sahu, ga gwajin jini da na fitsari, ga hoton ciki, ga maganin ƙarin jini. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, macen da za ta taso daga Rijiyar Zaki ko Sheka ko Kurna ta shigo gari, kuɗin motarta kaɗai abin dubawa ne. Na san matan da suka daina zuwa awo saboda nauyin cewa "Malam, a ba ni na mota". A wurin awon nan ake gano hawan jinin da yake rikiɗewa ya zama jijjiga. A nan ake ganin kwanciyar jariri ba daidai ba, a faɗa maka tun da wuri cewa wataƙila sai an yi aiki.

Wani zai ce ai haihuwa kyauta ce a asibitin gwamnati. Gaskiya ne jihar Kano tana da shirin kula da masu ciki kyauta tun 2001, kuma ya ceci mata da yawa. A watan Nuwamban 2024 ma Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi a asibitocin da aka ware. Akwai kuma hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA. Duk waɗannan a tambaya tun ana awo, a san wane asibiti ne yake ciki, a yi rijistar da za a yi tun ana cikin natsuwa. Amma duk wanda ya taɓa kwana a bakin ɗakin haihuwa ya san kyauta ba ta rufe komai. Akwai takardar kayan haihuwa da ake ba mace ta haɗo: safar hannu, auduga, audugar mata, ledar shimfiɗa, sabulu da sauransu. Akwai daren da za a ce wani magani ya yanke, a je waje a sayo.

Sannan ga jini, wanda ko da kuɗi a hannu sai an samu mai bayarwa. Na taɓa tsayawa kusa da wani matashi a barandar wani asibiti bayan sha biyun dare. Takarda ce a hannunsa, an rubuta leda biyu. Yana ta bin lambobin wayarsa ɗaya bayan ɗaya, wasu a kashe, wasu ba a ɗauka, hannunsa yana rawa har wayar ta kusa suɓucewa. Surukarsa tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, ta rufe fuska da mayafi, ba abin da kake ji sai salati. Bai ma san rukunin jinin matarsa ba sai a daren. Da ya sani tun tana wata shida, ya yi magana da ƙannensa biyu ko abokansa uku cewa su bar waya a kunne idan watan ya kama, da wannan tashin hankalin ya ragu, kuma ko sisi shirin ba zai ci ba.

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a shekarar 2023 mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda suna gaba-gaba, kuma dukkansu ba sa jiran gari ya waye a je a nemo rance. Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda ma tana iya ƙarewa da yoyon fitsari, ga sashe guda nan a Asibitin Murtala da ake kula da masu lalurar.

Yanzu mu zo kan rago, don na san nan ne za a ce na taɓo addini. Yankan suna ibada ce mai lada, ba na musu. Amma a wurin malamanmu na Malikiyya ba farilla ba ne, kuma dabba ɗaya ta isa ko namiji aka haifa ko mace, tunkiya ko akuya ma ta wadatar. Har ma sun karhanta a mayar da naman walimar da za a tara jama'a. Ku tambayi malamin unguwarku. Abin da yake wajibi shi ne ciyar da mai ciki da mai shayarwa da tufatar da su, ga shi nan a Suratul Baƙara aya ta 233 da Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 6 da ta 7, kowa gwargwadon ƙarfinsa. To yaya za a yi mutum mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024, ya ci bashin ragon da ya fi albashinsa na wata don kada a ce ya yanka ƙarami, alhali mai jegon ba ta samun abincin da zai kawo mata ruwan nono?

Iyayenmu mata da 'yan uwa mata, ku ma akwai naku a ciki. Miji da yawa ba don son ransa yake shiga Kantin Kwari ya ɗauki atamfa da leshi bashi ba, tsoron gori ne. "Me aka yi mata na fitar suna?" Wannan tambayar ta jefa gidaje cikin bashi. Ga anko, ga kiɗa, ga gara da iyayen mace suke kai ruwa rana kafin su haɗa. Babu laifi a yi murna, haihuwa abin murna ce. Amma ke uwar da 'yarki ta dawo gida goyon ciki, ki fara tambayar surukinki inda za ta haihu da abin da aka tanada, kafin ki tambaye shi kala nawa zai yi.

Ba ina cewa a ƙidaya 'ya'ya ba ne, kuma na yarda kowane yaro da arzikinsa yake zuwa. Sai dai Annabi Yusuf, alaihis salam, shekara bakwai ya yi yana sa a adana hatsi, kuma babu wanda ya fi annabawa tawakkali. Wanda zai iya ware naira 1,000 kullum daga wata na uku, kafin haihuwa ya tara kusan 180,000. Mai 500 ya tara 90,000. A yi asusu, ko a shiga adashi a nemi kwasar da za ta zo a wata na takwas. 'Yan kasuwarmu na Singa da Kwari da Sabon Gari, kada a zuba kuɗin nan a kaya da niyyar za a juya, domin katan ɗin taliya ba ya biyan kuɗin magani da ƙarfe biyun dare. Wani kaso ya zama tsabar kuɗi a hannu, don mai POS ya rufe a lokacin, kuma duk mun ga yadda tura kuɗi ta waya ya yi ta maƙalewa lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023.

Kuɗin kuma su kasance inda ita ta sani. Ka ba ta izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarka, cewa in ciwo ya tashi ba ka gida a wuce asibiti ba sai an jira ka ba. Ka yi magana da maƙwabci mai mota ko ɗan adaidaita na unguwa, ka sa lambarsa a wayarta.

Bayan an watse daga suna ma hidima tana nan. Wankan jego na kwana arba'in yana cin itace ko gawayi ko gas. Ga kunu, ga kauri, ga pampas. Jariri yana iya yin shawara a makon farko a ce sai an kwantar da shi, bakwaini kuma sai an sa shi a kwalba. Rigakafi kyauta ne, amma zuwa wurin da kuɗin mota. Nonon uwa zalla na wata shida ya fi madarar gwangwani lafiya da sauƙi, in dai uwar tana ƙoshi.

Mu kuma dangi da abokai da muke kai kayan barka, in akwai hali mu raba abin biyu. Rigunan jariri da sabulu su jira ranar suna, amma ɗan abin da za ka bayar na kuɗi ka miƙa wa ƙaninka ko abokinka tun matarsa tana wata bakwai, ka faɗa masa na asibiti ne. In kana da lafiyar ba da jini, ka ce masa ya rubuta sunanka.