Tabul ɗin miksaj na gaske ko na cikin kwamfuta: gardamar da muka aro ba mu duba kuranmu ba

Akwai wata gardama da ta ƙi ƙarewa a fadarmu ta nan Yamai, kusan duk dare da zarar shayi ya kai na biyu sai wani ya tado ta. Rabinmu ƴan situdiyo ne, wani aranjer wani mai ɗaukar murya wani kuma yana dai biɗar shiga harkar, to maganar kullum guda ce, wai sautin da muke fiddawa ba shi da nauyi ba shi da ɗumi kamar na Turawa saboda ba mu da tabul ɗin miksaj na gaske, wanda ake haɗa muryoyi da kiɗa a kanshi, irin ƙaton nan mai butuna kamar gaban jirgin sama, sai dai hotonshi, wato pulogin, da muke buɗewa cikin manhajar kwamfuta irin FL Studio ko Cubase. Ranar nan wani ƙanena ya ce mini, "Yaya, pulogin ai hoton tuwo ne, ba ya ƙosar da kowa." Aka yi ta dariya, ni ma na dara, amma ban yarda ba. Ni a ganina in dai miksaj ake magana, a ƙasar nan da zafin nan da kuran ɗin nan, wanda ya riƙe kwamfutarshi ya fi wanda ke mafarkin ƙarfe hankali, kuma nauyin da muke kuka babu shi tun gaban mikoro yake ɓacewa.

Bari mu fara da mi ake nufi da ɗumin nan. Sunaye biyu ne suka fi yawo a bakin yara, Neve da SSL, kamfanonin ƙera tabul, dukansu daga Ingila. Rupert Neve, wanda ya rasu a 2021, shi ya kafa kamfanin da ya fito da 1073 a 1970, wato preyampili mai ɗaga sautin mikoro haɗe da EQ mai gyara kaurin sauti da kaifinshi, wanda har yau ake rantsuwa da shi. SSL kuma ta fito da tabul ɗin 4000 E a 1979, daga baya G ya biyo a 1987. Abin dariyar shi ne injiniyoyin nan ba ɗumi suke biɗa ba, tsabta suke biɗa, sauti ya shiga ya fita yadda yake, kayan zamaninsu ne ba su kai ba. Transfo ɗin da ke cikin Neve in ka tura mai bas da ƙarfi ƙarfen cikinshi yana ƙoshi, sai ya ɗan lanƙwasa sautin ya haifar da wasu ƙananan muryoyi a saman na asali, kunne kuma ya ji kamar abin ya yi kauri. Sannan resistans da kondansater ba sa taɓa fitowa daidai wa daida daga masana'anta, don haka layi na 3 da layi na 4 a tabul ɗaya ba su da murya ɗaya, kuma sautin wannan layi yana ɗan yoyo cikin na kusa da shi. Aibobi ne fa duka, amma irin aibin tukunyar ƙasa, wadda ruwanta ya fi na bidon daɗi.

To duk abin nan lissafi ne, kuma lissafi aikin kwamfuta ne. Tun da Steinberg ta kawo VST, tsarin ɗora pulogin cikin manhaja, a 1996 ake wannan kokowa. A 2006 Waves ta fito da kwaikwayon SSL 4000 da izinin SSL ɗin kanta, Harrison ta Amurka ta mayar da tabul ɗinta manhaja sukutum mai suna Mixbus a 2009, Brainworx ta Jamus kuma har bambancin nan na layi da layi ta kwaikwaya, ka buɗe pulogin ɗaya a pist 20, wato layin sauti 20, kowane ya ɗan saɓa da ɗan'uwanshi. Yau SSL da kanta tana saida pulogin, kenan masu ƙarfen ma sun san inda kasuwa ta nufa. Andrew Scheps, sanannen injiniyan sauti wanda ya yi shekaru yana miksaj kan tsofaffin tabul na Neve, ya tattara ya koma cikin kwamfuta gaba ɗaya, Serban Ghenea mai tarin Grammy shi ma a cikin Pro Tools yake aikinshi. Mutanen nan ba talauci ya kai su ba.

Ban ce babu bambanci ba. In ka matsa wa pulogin sosai, ƙananan muryoyin da yake haifarwa wasu suna wuce rabin 44.1 ko 48 kHz ɗin da kake aiki a kai, wato saurin da kwamfuta ke auna sauti, ba su da wurin zuwa sai su dawo ƙasa su zauna inda ba gidansu ba, shi ne wani ƙaiƙayi da kake ji a saman murya. Maganinshi a sa pulogin ya yi lissafin ninki 2 ko 4 ko 8, shi kuma wannan yana cin ƙarfin kwamfuta, kuma mun san irin kwamfutocin da muke da su, okaziyo ne da suka gama rayuwa a wani biro na Turai. Ƙarfe ba shi da wannan matsala, ka tura shi ya lanƙwashe a hankali. Wannan gaskiya ne. Amma in wani ya ce pulogin bai yi daidai da na gaske ba, ni tambayata wane na gasken? Tabul biyu ƴan shekara 40, kowane da gyaran da ya sha, su kansu ba su yi daidai da juna ba.

Yanzu mu sauko ƙasa, mu zo Yamai watan Afrilu. Babban tabul irin SSL wuta yake sha kamar mi, zafi yake fiddawa, alimantasiyo ɗinshi ɗaki daban ake ba ta da klim, kuma can inda suke da shi yawanci ba sa kashe shi dare da rana. Masu gyaran lantarki suna da ƙa'ida, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwanan kondansater mai ruwa gida biyu, tabul babba kuma irinsu dubbai ne a cikinshi, mu kuwa 43, 44 muke gani a inuwa. Ga ƙurar hunturu da ke shiga kowane buto har sai ka juya ka ji ƙarrr. Ga kuran. Ba wanda ya manta Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarmu, unguwa unguwa aka riƙa rabo. A lokacin nan mai portabul da kart son, akwatin da ke haɗa mikoro da kwamfuta, da kask ya ci gaba da aiki da batiri ko ƴar solar ɗinshi, mai ƙarfe kuwa sai gurup da kuɗɗin esans.

Na ga abin da idona. Wani abokina ya tara kuɗɗi ya sa aka aiko mai da tsohon tabul mai layi 24 daga Turai, ba Neve ba ne ba SSL ba, amma dai na gaske ne, mutum huɗu suka shigar da shi ɗaki. Wata uku ana zuwa kallo. Wata rana kuran ya tafi ya dawo da ƙarfi, regilater bai tare ba, alimantasiyo ta ƙone. An zagaya Katako ba a samu piyes ɗin ba, mai gyaran da aka kawo gwanin telebijin ne da ampili na masallaci, ya buɗe ya duba ya ce, "Patron, wannan sai dai a yi mai addu'a." Ba laifinshi ba ne, bai taɓa ganin shema ɗin abin ba.

Sai kuma wani abu da masu mafarkin ƙarfe ba sa lissafawa, irin kiliyan ɗinmu. Mi muke ɗauka a situdiyoyin nan? Waƙar biki, waƙar suna, yabon Manzo, piblisite, waƙar ƴan kasuwa. Ka gama miksaj ka tura, bayan sati biyu a kira ka, "Malam, an manta sunan Hajiya babba, kuma a ɗaga muryar amshi kaɗan." A kwamfuta ka buɗe proje komi na nan inda ka bar shi, minti goma ka gama. A tabul kuwa ka riga ka juya butuna ɗari don aikin wani. SSL ta kawo Total Recall tun farkon shekarun 1980 don wannan ciwon kai, amma shi ma nuna maka kawai yake inda kowane buto yake, da hannu za ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Wa zai biya ka wannan wunin a waƙar jaka 25?

To amma kar ƴan pulogin su yi murna da yawa, don su ma ina da magana da su. Yawancin abin da suke kira ɗumi ƙara ce kawai. Pulogin da yawa da ka ɗora su suna ɗaga sauti kaɗan, kunnen ɗan Adam kuma duk abin da ya fi ƙara shi yake cewa ya fi daɗi, ga hoton an zana mai sukurori da allura mai rawa har da tsatsa, ido ya gani zuciya ta yarda. Na taɓa gwada mutanen fadar, na daidaita ƙarar biyun na juya ekran na ce su zaɓa, ƙanen nan nawa mai maganar hoton tuwo sau biyu yana zaɓen wanda babu komi a kanshi. Kuma galibin kwaikwayon nan an auna su ne su karɓi sauti wajen -18 dBFS, wato ƙasa sosai da ja, mu kuwa komi a ja muke tura shi, mu jera guda takwas a pist ɗaya, duk kirak, wato na sata, da aka kwaso a kile, sannan mu ce manhaja ce ba ta da kyau.

Inda ƙarfe yake da hakki na gaske shi ne ƙofar shiga. Murya iska ce, dole ta bi ta mikoro da preyampili kafin ta zama lamba, kuma abin da ya lalace a nan babu SSL na duniya, na ƙarfe ko na hoto, da zai gyara shi. Ɗakunanmu siminti ne da kwano, murabba'i, an manna katifar soso biyu a bango an ce an yi akustik. Ka kaɗa kalangu ko ƙwarya a ciki bango ya mayar maka da shi sau uku, ka ɗauki gurumi da mikoron jaka 15 vantilater na juyawa a sama. Nauyin a nan yake mutuwa. Na biyu kuma, makaɗanmu tare suke kiɗa, ƴan gitar Agadas da Abalak ba a raba su a ce kowa ya shigo shi kaɗai da kask yana bin metronom, abin zai fita kamar tuwon da ya kwana. Irin wannan aiki yana son mikoro takwas ko fiye a lokaci guda da hannun mutum a kan feda, abin da ake turawa a ɗaga sauti ko a rage shi, nan kam ƙaramin tabul na Yamaha ko Soundcraft yana da amfani, kuma ana iya gyara shi a gari.

Mu tuna kuma inda waƙar take ƙarewa. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, faifanshi na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, cike da otocun, ya bi bulutut da kart memuwar daga waya zuwa waya har ya kai kunnen mutanen Sahel Sounds, wani kamfanin faifai na Amurka. Ba wanda ya tambayi wane tabul aka yi amfani da shi. Yau ma haka ne, ta WhatsApp za ta bi, a matse ta, ta fito ta ƴar lasifikar Tecno ko Itel a kan benci ko a aljihun ɗan kabu-kabu, bas ɗin da transfo ɗin Neve ke ƙawatawa wayar ba ta ma iya fiddo shi.

Ƙanena yana da wajen jaka 600 da ya tara. Na ce mai ya sayi mikoro ɗaya na kirki, kart son mai shiga da yawa, ondiler, sauran ya zuba a bangon ɗaki da rufi, pulogin kuwa ya zaɓi tabul ɗaya ya koye shi har ya san halinshi, akwai ma na Airwindows kyauta ba sai ya yi sata ba. Ya saurare ni tsaf sannan ya ce, "Yaya, duk na ji, amma Elhaji in ya shigo ya ga kwamfuta kaɗai jaka 20 zai ba ka, in ya ga tabul sai ya ba da 50." A nan ban samu amsa ba, don na san tabul ɗin abokina da ya ƙone har yanzu yana nan tsakiyar situdiyo, ana goge mai ƙura kowace safiya, an ɗora klaviye da linzami a kanshi, an ja mai ƴan fitilu na Sin daga ƙasa, kuma duk mawaƙin da ya zo sai ya ɗora hannu kan feda an ɗauke shi hoto kafin ya shiga kabin.