Jar jaka da baƙar leda

Shekarata huɗu ke nan ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Ingila, kuma maganar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ranar da aka ɗauki tsoho daga wani wuri zuwa wani, daga gida zuwa asibiti ko daga asibiti zuwa gida, ta fi mini ban tsoro a kan duk kwanakin da yake kwance a gado. Ni ganau ce, a nan da kuma can gida.

A 2015, a unguwar Sutton da ke kudancin Landan, gidajen tsofaffi da asibiti da masu motar ɗaukar marasa lafiya suka haɗa kai suka fito da wata dabara. Duk tsohon da za a kai asibiti sai a haɗa masa jar jaka. A ciki akwai takardar da ta bayyana yadda lafiyarsa take a kullum, da bayanin magungunansa, da tabarau, da haƙoran roba, da na'urar ji, da kayan da zai sa ranar sallama. Jakar tana biye da shi daga ɗakinsa zuwa mota, zuwa sashen gaggawa, zuwa gadon da aka ba shi, sannan ta dawo tare da shi ɗauke da takardar sallama. Hukumar lafiya ta NHS ta ce a Sutton zaman da tsofaffin ke yi a asibiti ya ragu da kwana 3 zuwa 4, kuma a 2018 ta nemi sauran yankunan Ingila su ɗauki tsarin.

Wani zai ce me ya haɗa haƙoran roba da lafiya? Tsohuwar da aka kai asibiti ba na'urar ji, likita zai yi mata tambaya ta yi shiru ko ta amsa wani abu daban, sai a rubuta cewa ta ruɗe. Wadda aka manta da haƙoranta za a ajiye mata abinci a ɗauke shi yadda aka kawo. Bayan kwana biyar ƙarfinta ya tafi, wadda ta shiga da ƙafarta ta fito a keken guragu. Na ga haka da idona, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Da jakunkunan suka iso gidanmu, an tara masu aikin rana an yi musu bayani na rabin awa. Wata uku komai na tafiya daidai. Sai wani dare, wajen ƙarfe uku, wata tsohuwa ta faɗi, kuma wadda ke bakin aiki 'yar aikin wucin gadi ce da ba ta taɓa jin labarin wata jaka ba. Aka tafi da tsohuwar hannu rabbana. Wani lokaci jakar ta tafi ta dawo ba takardar sallama. Wata ta ɓace gaba ɗaya. Wata kuma ta tafi da jerin magungunan da aka rubuta wata shida baya, wanda ya fi rashin takardar illa, domin likita zai gaskata abin da ya gani a rubuce.

A nan gizo ke saƙar. Ƙirƙiro sabon tsari ba shi da wuya, kowa na son ranar ƙaddamarwa. Abin da ya ceci namu wata shugabar ma'aikata ce mai naci. Ta rubuta sunan mutum ɗaya a allo a kowane zagayen aiki, dare da rana, wanda jaka ke wuyansa. Ta sa duk farkon wata a zauna a sabunta takardun kowane tsoho. Ta je asibitin da ƙafarta ta san nas ɗin da ke kula da sallama, ta karɓi lambarta, aka koma kiran juna da suna. Duk sabuwar ma'aikaciya, ko ta dare ɗaya ce, sai an nuna mata inda jakar ke rataye kafin ta taɓa komai. Sai da aka kusa shekara kafin abin ya zama jiki.

Bara Baba ya kwanta mako biyu a wani babban asibiti a gida saboda hawan jini da ya taɓa masa ɓarin jiki. Ƙanena ne ya yi jinyarsa, yana kwana a tabarma a baranda. Ranar Juma'a da yamma aka sallame su. Abin da suka fito da shi baƙar leda ce cike da magunguna da ɗan kati mai ranar dawowa. Bayanin abin da aka yi masa ya zauna a fayil. Ba wanda ya ce a daina tsofaffin magungunan da ake sayo masa a kemis, don haka Inna, saboda tsabar kulawa, ta ci gaba da ba shi na da da na yanzu. Kwana huɗu da komawa, ya tashi alwalar asuba, jiri ya ɗebe shi ya faɗi, goshinsa ya fashe. Da aka koma asibiti aka zazzage ledar, sai ga maganin hawan jini iri ɗaya da sunayen kamfani biyu, yana shan ninki. Ban ga laifin nas ɗin da ta sallame su ba, gadajen da ke hannunta sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma kwana na yi ina kuka, ina tuna jakar da nake haɗa wa iyayen wasu.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A Amurka, wani bincike da aka wallafa a 2009 ya nuna kusan 1 cikin 5 na masu inshorar Medicare, waɗanda yawancinsu tsofaffi ne, suna komawa gadon asibiti cikin kwana 30 da sallama. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa lokacin sauya wurin jinya cikin wurare uku da kuskuren magani ya fi yin ɓarna. Wani likita a Kolorado, Eric Coleman, ya gina tsarinsa a kan abubuwa huɗu: tsoho ya san magungunansa, ya riƙe bayanin lafiyarsa a hannunsa, ya koma ganin likita a kan lokaci, ya kuma san alamomin da in ya gani zai nemi taimako. Ana haɗa shi da mai bibiya da zai ziyarce shi sau ɗaya a gida, ya kira shi sau uku cikin wata guda.

Su sai sun biya albashi kafin su sami mai bibiyar nan. Mu Allah Ya ba mu shi kyauta, shi ne mai jinya. Amma me muke yi da shi? Ɗan aike ne, sayo allura, kai jini, biyo kuɗi. Da likitoci sun shigo zagaye sai a ce masu jinya a fita waje. Mutumin da zai riƙe tsohon nan na tsawon watanni shi ne ake kora a daidai lokacin da ake maganar da ya fi kowa buƙatar ji.

Ban ce a kwaso jar jaka daga Landan a kawo Kano ko Zariya ba, mu tsofaffinmu gida suke komawa, hannun 'ya'ya da surukai. Abin da nake roƙo takarda ɗaya ce da Hausa, boko ko ajami: ga abin da aka samu, ga maganin da za a sha, ga wanda za a daina, ga alamar da in an gani a dawo ko tsakar dare ne. A zaunar da mai jinya minti goma a karanta masa, ya maimaita da bakinsa. In ba ya karatu, ya ɗauki muryar nas a wayarsa. Bayan kwana biyu wani ya kira ya ji ya jiki. Kada a jira takarda daga ma'aikatar lafiya, a fara a ɗaki ɗaya, a rubuta sunan wanda aikin ke wuyansa.

Baba ya samu sauƙi, alhamdulillahi, yana dogara sanda zuwa masallacin ƙofar gida. Inna ta ɗinka masa 'yar jaka da ragowar atamfa, tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, da katinsa da duk kwalayen maganinsa da takardar da na rubuto musu. 'Yan'uwana nas-nas da likitoci da ke karanta wannan, don Allah wa zai gwada a ɗakinsa? In kuna son samfurin takardar, ku yi mini magana in turo.