Ku kuka kashe ƙungiyar, sannan ku ce wai wasan ne ba shi da kasuwa

Har yanzu abin da jami'ar Grand Canyon ta Amurka ta yi a watan Afrilun 2025 bai bar min rai ba. Ƙungiyar ƙwallon ragar maza da a 2024 ta doke UCLA ta ɗauki kofin rukuninta na MPSF, wato gasar jami'o'in yammacin ƙasar, ta je har wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa inda sai da aka yi zagaye biyar kafin Long Beach State ta fitar da ita, ita ce shekara ɗaya bayan nan aka wayi gari aka ce an sauke ta daga jerin wasannin da jami'a ke ɗaukar nauyi, wai ta koma ta sha'awa, duk yaron da ke so ya buga ya buga don kansa. Hujjar kuwa ita ce wadda kowa ke jawowa yanzu idan zai yi ɓarna, wai yanayin wasannin jami'o'i ya canza.

Shawarar kanta da sauƙi a kan ƴan amshin shatan da suka biyo baya. Kun san su. Su ne masu cewa ai dama ƙwallon ragar maza a Amurka wasan ƴan bakin teku ne na Kaliforniya, ba ya kawo kuɗi, ba shi da ƴan kallo, duk jami'ar da ta rabu da shi ta yi hankali. To ni dai ina ganin duk mai wannan magana bai taɓa buɗe tarihin MIVA ba, rukunin gasar ƙwallon ragar maza na jami'o'in tsakiyar Amurka da ita kanta Grand Canyon ɗin ta yi rarrafe a cikinsa har zuwa 2017 kafin ta ga ta girma ta koma yamma.

A 1961 aka kafa MIVA, wato shekara tara kafin ita kanta hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta fara shirya gasar ƙasa ta wannan wasa a 1970. Kuma ba shugabannin jami'o'i ne suka zauna da ƴan talabijin suka ƙirƙiro ta ba, masu horarwa ne, irin su Don Shondell na Ball State da Jim Coleman, mutanen da suke da yara masu son wasa amma babu wanda za su kara da shi. Makarantun farko ma idan ka ji sunayensu sai ka yi dariya: ban da Ohio State da Michigan State da Ball State, sauran irin su Earlham ne da Wittenberg da George Williams, ƙananan kwalejoji a garuruwan da hunturu ke rufewa da ƙanƙara, babu teku babu rairayi. George Williams ɗin ma sunan wanda ya kafa ƙungiyar matasan Kirista ta YMCA ta ci, kuma a zauren YMCA aka ƙirƙiri wasan tun 1895 a Holyoke ta jihar Massachusetts, can gabas. Wato ko asalin wasan ba na Kaliforniya ba ne, balle a ce gadonsu ne.

Yawancin waɗancan na farko sun watse, wasu sun daina wasan, ita George Williams ma harabarta aka rufe a tsakiyar shekarun 1980. Ball State da Ohio State ne suka riƙe wuta. Shondell ya zauna a Muncie, garin da Ball State take, yana horarwa har 1998, ya ci wasa sama da 700, ya kai ƙungiyarsa gasar ƙasa sau da dama bai taɓa ɗaukar kofin ba, kuma babu wanda ya zo ya ce masa tunda ba ka ci kofi ba tattara ragarka. Yau a jihar Indiana ba ka raba ƙwallon raga da sunan gidan Shondell, ɗalibansa sun cika makarantun sakandare suna koyarwa. Wannan shi ne abin da akanta ba ya gani a cikin takardarsa.

Yanzu mu zo kan maganar cewa wai ƴan Kaliforniya ne kaɗai ke ci. Eh, daga 1970 har zuwa lokacin da Penn State ta ci a 1994 duk kofunan can suka tafi, UCLA ita kaɗai a ƙarƙashin Al Scates ta tara 19, ba wanda ya musa. Amma don Allah a duba daga 2011 zuwa 2017. Kofi bakwai aka buga, biyar MIVA ta kwashe: Ohio State a 2011 da 2016 da 2017, Loyola ta Shikago a 2014 da 2015. UC Irvine ce kawai ta tsaga tsakani da guda biyu.

Wasan ƙarshe na 2015 shi ne wanda nake so masu wannan surutu su je su nema su kalla. Loyola da Lewis, makarantu biyu na Katolika da tsakaninsu bai fi tafiyar awa guda a mota ba, duka ƴan MIVA, suka kwashi kayansu suka tafi har zauren jami'ar Stanford a tsakiyar Kaliforniya suka buga wasan ƙarshe na ƙasa, masu gidan suna zaune suna kallo. Zagaye na biyar da a ƙa'ida a maki 15 yake ƙarewa sai da ya kai 23 da 21, wannan ya samu damar gamawa ya ɓarar, wancan ya samu ya ɓarar, yara sun gaji har tsalle na neman gagararsu amma babu mai sakin ƙwallo ta taɓa ƙasa. Ita Lewis ɗin nan fa makaranta ce ta mataki na biyu a tsarin NCAA, a wani gari Romeoville da ko Amurkawa da yawa ba su san inda yake ba. Ta ma taɓa cin kofin a 2003, daga baya NCAA ta ƙwace saboda saka ƴan wasan da ba su cika sharaɗi ba, wannan laifinta ne kuma ta sha hukuncinsa, amma dai a fili ta ci.

Nan ne inda wasan nan ya bambanta da sauran, kuma nan ne ƴan lissafi suka kasa ganewa. Saboda makarantun da ke buga shi ba su da yawa, mataki na ɗaya da na biyu kofi ɗaya suke nema. Shi ya sa za ka ga McKendree, daga wani ɗan ƙaramin gari Lebanon a Illinois, tana karɓar baƙuncin Ohio State mai filin da ke cin mutum sama da dubu ɗari a wasan zari-rugarsu irin ta Amurka, kuma ba wasan sada zumunta ba, wasan maki. A wane wasa kuma ake samun haka a Amurka? Fort Wayne, wadda a da ake kira IPFW, ta je wasan ƙarshe a 2007 a hannun Arnie Ball, ɗansa Lloy Ball kuma da ya fito daga wannan makaranta shi ne mai raba ƙwallo a tawagar Amurka da ta ci zinare a Beijin a 2008. Thomas Jaeschke da ke cikin Loyola ta 2014 da 2015 yana da tagulla biyu na Olamfik. Idan lokacin Olamfik ya zo kowa na tafi yana ɗaga tuta, ba a tambayar daga ina yaran suka fito.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ma ya fi zama labarin ƙanzon kurege. Shekara da shekaru dokar NCAA ta ƙayyade wa ƙungiyar maza guraben tallafin karatu huɗu da rabi ne kacal. Huɗu da rabi! Haka koci zai zauna da biro yana yanka su gunduwa-gunduwa, wannan kwata, wancan rabi, wani kuɗin littafi kawai, sauran yaran iyayensu ne ke biyan kuɗin makaranta cif, wato a makarantu masu zaman kansu yaran nan su ne ma ke kawo kuɗi. Zaure kuwa da raga da ƙwallaye dama akwai su saboda ƙungiyar mata. To ina asarar take? Abin da ya faru kowa ya sani: a watan Yunin 2025 alƙali ta amince da sulhun ƙarar da ƴan wasa suka kai NCAA, da ake kira sulhun House, wanda ya ba jami'o'i damar raba wa ƴan wasa kuɗi har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kuma tun kafin a sa hannu kowace jami'a ta fara lalube a aljihunta tana neman abin da za ta tura wa ƴan ƙwallon kwando da zari-ruga. Kaza aka yanka don a ƙara wa sa dusa.

Masu jingina laifin ga dokar Title IX ta 1972, wai daidaita maza da mata ne ke cinye wasannin maza, su fara bayyana mana yadda hakan ya shafi Grand Canyon da ba ta ma da ƙungiyar zari-ruga. Masu cewa kuma ai sabon rukuninta na Mountain West ba ya shirya gasar ƙwallon ragar maza, to tsohon nata WAC yana shiryawa ne?

Akwai kuma wasu da suke ganin sun fi kowa wayo, su maganinsu shi ne manyan rukunai su karɓi wasan. Tunda yanzu Ohio State da Penn State da UCLA da USC duk suna babban rukunin Big Ten amma a ƙwallon raga suna warwatse a rukunai uku, wai a samo ƙarin biyu a haɗa su wuri ɗaya a samu kuɗin talabijin. Allah ya kiyaye. Ka cire Ohio State daga MIVA, ka cire Penn State daga rukuninta na gabas, EIVA, me ka bar wa su Lewis da McKendree? Kuma waɗannan manyan rukunan da ake yi wa kallon rumfa, ina Pac-12 da ta fi shekara ɗari tana taƙama? A 2024 makarantu 10 cikin 12 suka fice saboda kuɗin talabijin, Stanford da ke gaɓar tekun Pasifik ta koma buga wasa a rukunin gaɓar Atlantika, abin kamar almara. MIVA da babu wanda ya taɓa yin arziki da ita tana nan, har baƙi take yi: Queens ta Charlotte ta shigo, Northern Kentucky ta kafa sabuwar ƙungiya ta shigo.

Kuma wasan ba mutuwa yake ba, abin da ya sa rainin hankalin ya yi yawa ke nan. A makarantun sakandare yana cikin wasannin maza da suka fi saurin yaɗuwa. Rukunin Big West ya fara tasa gasar a 2018, rukunin SIAC na jami'o'in baƙaƙen fata ya fara a 2022 da tallafin dala miliyan ɗaya, rukunin NEC ya biyo a 2023. Gasar ƙasa da har 2013 ƙungiya huɗu kawai ake ɗauka ta kai takwas a 2024. Yara na ƙaruwa daga ƙasa, gurabe a sama ne ake rufewa, sannan wani ya zauna a ofis mai sanyi ya ce babu kasuwa.

Abin yi ba wani boyayye ba ne. Stanford ta sanar a 2020 cewa za ta rufe wasanni 11 har da wannan, tsofaffin ɗalibai suka tayar da jijiyar wuya suka tara kuɗi, a 2021 ta lashe amanta. Saboda haka tsofaffin ƴan wasan Ball State da Loyola da Lewis da Fort Wayne kada su jira sai an kira yara taron gaggawa, gemun maƙwabci ya riga ya kama wuta, su kafa asusun da za a rubuta ƙarara cewa na ƙwallon ragar maza ne ba a taɓa shi. Hukumar USA Volleyball da kwamitin Olamfik na Amurka, da suke cin gajiyar yaran da jami'o'i suka horar musu kyauta, su ma su sa hannu a aljihu, ga Olamfik ɗin Los Angeles na 2028 a gidansu. NCAA kuma ta sa doka, duk jami'ar da za ta rufe ƙungiya ta ba da sanarwar aƙalla shekara biyu, ta kuma fito da lissafin kuɗin a fili kowa ya gani nawa ne ainihin abin da ta ce ya gagare ta.