Zazzaɓin bayan allurar sauke kalsiyam: a gaya wa majinyaci tun kafin a sallame shi

Mai sankarar mama, ko ta huhu, ko ta ɓargo, wani lokaci sinadarin kalsiyam yakan yi masa yawa a jini. Sai ƙishirwa, yawan fitsari, bayan gida ya ɗaure, wani har ya rikice. A asibiti da ƙarin ruwan gishiri ake farawa, saboda jiki ya riga ya bushe. Daga baya a ɗaura zoledronic acid, maganin sauke kalsiyam, miligiram 4 ta jijiya, a hankali, ba ƙasa da minti 15 ba. Sai bayan kwana biyu zuwa huɗu kalsiyam ke fara sauka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a sallami mutum ba a ce masa komai ba. Cikin kwana uku na farko bayan allurar, musamman a karon farko, mutane da yawa kan yi zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi da na ƙashi, jiki kamar an yi masa duka. Yakan lafa da kansa, farasitamol ya wadatar. Amma a wajenmu duk zazzaɓi maleriya ce. Sai a garzaya kemis a danna wa majinyaci diclofenac ko ibuprofen. Ƙodar da kalsiyam ya riga ya gajiyar, ga zoledronic acid ɗin shi ma ta ƙoda yake fita, sannan a ƙara mata wannan! A nan ake samun mutuwar ƙoda. A yi gwajin maleriya, wannan daidai ne. Wanda kuma yake kan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti zai koma a daren, ba jira.

Wani lokacin kalsiyam ɗin faɗuwa yake ya wuce kima, ballantana da denosumab, wata allurar sauke kalsiyam mai miligiram 120 da ake yi a ƙarƙashin fata, ko ga mai ƙarancin bitamin D. Leɓe da yatsu su riƙa sagewa, hannu ya ƙage. Gwajin jini ake buƙata a ranar.

Sai muƙamuƙi. Wanda ya daɗe yana karɓar waɗannan allurai, idan aka cire masa haƙori, ramin kan ƙi warkewa har ƙashi ya fito fili. Don Allah kada a bari kowa ya taɓa haƙorinsa sai likitan haƙori ya san sunan allurar da ranar da aka yi ta ƙarshe.