Polahi: Mutanen da Suka Guje wa Haraji Suka Riƙe Daji

A arewacin tsibirin Sulawesi na ƙasar Indunusiya, cikin lardin Gorontalo, akwai wasu mutane 'yan kaɗan da ke zaune a dazukan da suka kewaye dutsen Boliyohuto da bakin kogin Paguyaman. Ana kiransu Polahi. Duk lokacin da labarinsu ya fito a intanet, abu biyu ake yaɗawa: hoton mutum da ganye a ƙugu, da zancen auratayyarsu. Daga nan sai masu tausayi su yi tausayi, masu ƙyama su yi ƙyama, a wuce. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai game da su shi ne dalilin da ya kai su dajin tun farko, da kuma abin da ke shirin raba su da shi a yau.

Sunan kansa yana ɗauke da tarihin. A harshen Gorontalo, Polahi na nufin waɗanda suka gudu. Kakanninsu mutanen gari ne kamar kowa, kuma har yanzu wani tsohon karin harshen Gorontalo suke yi. Labarin da mutanen yankin suka gada shi ne, a zamanin mulkin Turawan Holan, da haraji da aikin tilas suka yi wa talakawa nauyi, sai wasu iyalai suka kwashe 'ya'yansu suka nausa daji, suka gwammace zama da namun dawa a kan durƙusa wa baƙo. Wanda ya taɓa jin dattawa suna ba da labarin yadda mutane suka riƙa barin garuruwansu a ƙasar Nijar don tsere wa aikin tilas na Faransawa ba zai ga wannan a matsayin baƙon abu ba. Bambancin shi ne, su Polahi ba su dawo ba. A ranar 23 ga Janairun 1942 Nani Wartabone ya jagoranci mutanen Gorontalo suka kawar da ikon Holan a garin, a 1945 Indunusiya ta ayyana 'yancinta, a shekarar 2000 Gorontalo ta zama lardi mai cin gashin kanta, amma zuriyar waɗanda suka gudu suna can, sun gaji tsoron baƙo kamar yadda ake gadon gona.

Yadda suke rayuwa ya cancanci a tsaya a duba shi da idon basira. Ƙananan rukuni suke zama, sau da yawa iyali guda ne kacal, kusa da rafi. Bukkarsu ba ta da bango, rufin ganyen wata bishiya ce dangin kwakwa da suke kira woka, kuma ganyen nan da ɓawon itace su ne suturarsu ta asali. Suna sare ɗan fili su shuka rogo da masara da ayaba da dankali, su ɗana tarko, su kama kifi a rafi, su yi farautar aladen daji. Mace na haihuwa a cikin dajin ba tare da asibiti ba, maganin ciwo kuwa saiwa ce da ganye da suka sani. Idan aka yi musu rasuwa sukan bar wurin gaba ɗaya su sake sabon zama, wanda hakan ke ba tsohuwar gonar damar komawa daji. Babu mai bin su bashi, babu wanda suke jira ya kawo musu abinci. A duniyar da tashin farashin mai a wata nahiya ke hana magidanci cefane a wata, ina ganin wannan dogaro da kai abin girmamawa ne, kuma ilimi ne na gaske, domin mutumin da ya san abin da ake ci da abin da ke kisa a cikin dubban tsirrai bai cancanci a kira shi jahili ba.

Ba zan ɓoye ɓangaren da ke da nauyi ba. An sha ba da rahoton cewa a cikinsu ana aure tsakanin muharramai, har tsakanin 'yan uwa na ciki ɗaya. Wannan abu ne da addinina ya haramta, zuciyata ba ta karɓe shi ba, kuma ba na goyon bayan masu ƙawata shi da sunan al'ada. Sai dai adalci ya sa a tambayi yadda aka yi aka kai ga haka. Mutanen da suka yanke hulɗa da kowa tsawon zamani, kowane rukuni bai wuce a ƙirga da yatsu ba, kaɗaici ne ya ƙuntata musu zaɓi. Haka kuma macen da naƙuda ta zo mata da gardama a tsakiyar kurmi ba ta da mai ceto, yaron da zazzaɓi ya kama kuma rayuwarsa na hannun sa'a. Duk wanda ya ce a bar su haka nan har abada don su zama abin kallo, bai ƙaunace su ba.

To amma irin taimakon da aka saba kai musu shi ne inda nake da ja. Ma'aikatar jin daɗin jama'a ta Indunusiya tana da shiri na musamman don al'ummomin da ke keɓe, kuma a ƙarƙashin irin wannan tunani an gina wa wasu daga cikin Polahi gidaje kusa da ƙauyuka. Da yawansu sun bar gidajen sun koma daji, suna kukan zafi da rashin lafiya. Mutumin da ya tashi a inuwar kurmi, ruwa na gudu a gefensa, abincinsa na kewaye da shi, idan aka sa shi a ɗaki mai bango nesa da gonarsa da tarkonsa, an mayar da mai ciyar da kansa mai jiran tallafi. Alhali su da kansu sun riga sun fara buɗe ƙofa daidai gwargwadon buƙatarsu: wasu na saukowa kasuwa da abin da suka samo a daji su sayi gishiri da tufafi da adda, wasu na yi wa masu haƙar zinari dako a hanyoyin da babu wanda ya san su kamarsu.

Wannan dakon ya fi komai damuna, domin yana nuna inda aka dosa. Dajin da ya ɓoye su yana raguwa. Gonakin masara, wadda Gorontalo ta shahara da ita, suna ta hawa gangaren duwatsu, ga gonakin kwakwar manja, ga masu yankan katako, ga ramukan zinari da ke gurɓata rafukan da suke sha. A yankin ne gandun dajin Nantu yake, wanda aka keɓe a 1999, mazaunin babirusa, aladen dajin nan da haurensa ke huda saman hancinsa, da anoa, ɗan ƙaramin ɓauna da babu irinsa sai a Sulawesi da tsibiran gefenta. An yi dokar kare waɗannan dabbobi, kuma hakan daidai ne. Mutanen da suka zauna tare da su zamani bayan zamani ba tare da sun ƙarar da su ba, su ma sun cancanci kariyar da ta kai wannan ƙarfi.

Hanyar shari'a tana nan. A watan Mayun 2013 Kotun Tsarin Mulkin Indunusiya ta yanke hukuncin cewa dajin gargajiya na al'umma ba mallakar gwamnati ba ne. Amma kafin al'umma ta ci moriyar hukuncin sai hukumomin yankinta sun amince da ita a rubuce, sai an auna ƙasarta an zana taswira. Mutanen da ba su karatu, ba su da sarki guda, kuma suke sauya mazauni, ba za su iya bin wannan layi su kaɗai ba. Nauyin yana kan gwamnatin Gorontalo da jami'o'inta da malamanta, su je su same su, su shata dajin da suke yawo a ciki, su dakatar da ba da izinin sara da haƙa a wurin. Bayan haka sai ma'aikacin lafiya da ungozoma da malami, masu jin harshensu, su riƙa takawa zuwa bakin rafin da suke zaune, su kai magani da karatu ga wanda ya nema, ba tare da sharaɗin sai ya bar bukkarsa ba.