Ba glyphosate kaɗai ba ne

Wani labari da na karanta ya ɗora matsalar haihuwa kan maganin kashe ciyawa na glyphosate kaɗai, alhali atrazine, wani maganin ciyawar da manoman masara ke fesawa kafin ciyawa ta tsiro ya fi tayar mini da hankali. Tarayyar Turai ta hana amfani da atrazine tun 2004 saboda yana gangarawa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, gwaji kan dabbobi kuma ya nuna yana dagula sinadaran haihuwa. Mai cewa safar hannu ta isa, ka dubi famfon feshi na goyo mai lita 16 da murfinsa ke yoyo, maganin ya jiƙe bayan riga tun safe har azahar, fata tana tsotsa. Rigar nan sau da yawa mai juna biyu ce ke wanke ta da hannu, jarkar da ta ƙare kuma a zuba mata ruwan sha. Wane mai shago ne ke gaya wa manomi wannan?